Rabon gado ya zo mini ba zato, da me zan fara kafa ɗakin gwajin lantarki?

Mai gyaran salula, unguwar Birni:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. An sayar da wani filin kakanmu, Allah ya jiƙansa, kuma rabona ya kai miliyan 7 na sefa, kuɗin da ban taɓa sa ran riƙewa ba. Na daɗe ina gyaran salula da rediyo a nan Damagaram, kuma burina shi ne in kafa ɗakin gwajin lantarki na gaske, inda zan ƙera na'urorin sarrafa famfon sola, in kuma koya wa matasan unguwa. Zuciyata ta fi karkata ga sayen osiloskof babba, wato na'urar da ke nuna siffar siginar lantarki a kan allo, na kamfanin Tektronix ko Keysight. Ina roƙon shawararku kafin in taɓa ko dala ɗaya.

Tsohon malamin koyar da sana'a:
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa albarka a cikin abin da ka samu, amma ka ajiye maganar osiloskof tukuna, ka fara da wuta. Duk na'urar da za ka saya tana jiran bolt 220 tsayayye, alhali ka san yadda wutar gari take sauka ta hau a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40. Saboda haka kason farko ya tafi ga fanonin sola, da batiran litiyam nau'in LiFePO4 waɗanda suka fi na dalma jure caji da saukewa, da na'urar juya wutar batir mai fitar da igiya santala irin ta wutar gari, domin mai araha tana cusa hayaniya a cikin duk abin da kake aunawa. Sannan ka kafa sandar tagulla a ƙasa domin sauke wutar da ta ɓalle, ka riƙa jiƙa wurin da rani, tunda busasshen rairayi ba ya karɓar wuta yadda ya kamata.

Abin da ya fi damuna shi ne hunturu. Ƙura tana toshe fankar na'urori, bushewar iska kuma tana tara caji a jikin mutum har taɓawa ɗaya ta kashe taransisto mai tsada ba tare da an ga alama ba. Ka yi wa ɗakin silin da tagogin gilashi, ka shimfiɗa tabarmar sauke caji a kan teburin, tare da igiyar wuyan hannu mai rezistans na megohm 1.

Injiniya, daga Sabon Kare:
Na yarda da Malam a kan wuta, sai dai ba na son ƙanena ya ɗauka osiloskof abin ado ne, domin wanda zai ƙera na'urar famfo ba tare da shi ba kamar mai tuƙi ne da dare babu fitila. Abin da ba ka buƙata shi ne mai tsadar. Rigol DS1054Z yana da ƙofofin shigar sigina 4 da faɗin megahaz 50, wato iyakar saurin siginar da yake iya aunawa, Siglent SDS1104X-E kuma ƙofofi 4 da megahaz 100. Ƙa'idar masu aikin ita ce faɗin na'urar ya ninka saurin siginar sau 5, kuma siginar sarrafa famfo a kilohaz take tafiya, ƙasa da megahaz sosai. Ka haɗa da sandar awo ta bambanci, wadda ke auna tsakanin wurare biyu ba tare da jona ƙasa ba, domin kada ƙugiyar ƙasa ta osiloskof ta taɓa ɓangaren wuta mai ƙarfi ta ƙone maka shi.

Inda ya dace ka sake hannu shi ne kayan da za ka riƙe kullum: ma'aunin wuta na hannu Fluke 87V, da ƙarfen narka dalma na Hakko ko JBC mai daidaita zafi, da na'urar hura iska mai zafi, da madubin ƙara girma mai ido biyu. Ka tabbatar samfurin bolt 220 aka turo maka, ba na 110 na Amurka ba, kuma ka kiyayi jabu.

Mai sayar da kayan gyara, Kasuwar Dole:
Yallaɓai, ka ware kuɗin sufuri da na duwan tun farko, sannan ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu ba ka taɓa ba. Ɗakin da za a koya wa yara zai riƙa cin dalma da kondansater da allunan gwaji kowane mako, kuma wasu ƙananan kayan sai an aika Kano ko an yi odarsu daga Sin.

Mai gyaran salula:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da wuta da gyaran ɗakin. Yaya Injiniya, tsakanin Rigol da Siglent ɗin, wanne ne ya fi sauƙin koya wa yaron da bai taɓa ganin osiloskof ba?