Neman shawara: lens ɗina na sikilera yana yin hazo kafin azahar

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ina da keratokonus, wato lalurar da ke sa gaban ido ya sirance ya yi tsini, a ido biyu, tabarau ya daina yi min aiki, shi ne aka yi min lens ɗin sikilera, babban nan mai zama a kan farin ido, da ake cikawa da ruwan salin (ruwan gishirin asibiti) kafin a kifa shi a ido. Da safe alhamdulillah, zare nake sakawa a allura ba taimakon kowa. Amma kafin azahar sai gani ya dushe, kamar an shafa madara a gilashi. Na ƙifta, na ɗiga magani, shiru. In na cire na zuba sabon ruwa sai ya washe, bayan 'yan awowi ya dawo. Ni tela ce, ba kullum hannuna yake da tsabtar taɓa ido ba. Lens ɗin ne ya lalace ko idon ne?

Wata 'yar'uwa mai irin lalurar: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, ba ke kaɗai ba ce, da yawanmu haka muke fama. Ni abin da ya rage min shi, na daina saka lens ina tashi daga barci. Sai na yi sallah, na gama kintsawa, na ɗauraye idon da salin tukuna. Kwalli kuwa na haƙura da shi a cikin ido. Sannan likita ya ce in riƙa ɗiga ɗigo biyu na maganin bushewar ido mai kauri, irin na ƙananan robobi, a cikin kwanon lens ɗin kafin in cika da salin. Mintocin farko gani yakan ɗan yi dishi-dishi, daga baya ya saki.

Wani ɗan'uwa ma'aikacin awon ido: Hajiya, kafin komai a bambance hazon, don iri uku ne. Akwai na saman lens ta waje, maiƙo ne ko bushewa, shi yana canzawa in an ƙifta. Akwai na cikin ruwan da ke tsakanin lens da ido, shi ne wanda sai an cire an sake ruwa, kuma bayaninki da shi ya yi kama. Na ukun shi ne kumburin koniya, wato fatar nan mai haske da ke saman baƙin ido. Alamarsa, ko an cire lens gani ba ya washewa nan take, ana kuma ganin bakan gizo kewaye da fitila. In kin ga wannan, ko ja, ko ciwo, ko ƙin haske, ki cire ki nemi likita a ranar.

Dalilin na biyun kuwa, wannan lens a kan farin ido yake zaune, bai taɓa koniya, kuma yana rufe wurin kusan ruf. Hawayen da ke shiga ya fita kaɗan ne ƙwarai, don haka duk abin da ya samu shiga, maiƙon fatar ido, majinar hawaye, ƙwayoyin fata da suka saɓe, fararen ƙwayoyin jini, a nan yake taruwa. Farin ido kuma ba zagaye yake daidai ba. In gefen lens ya ɗaga ta wani ɓangare, duk ƙiftawa tana tura datti ciki ba ta fitar da shi. Ana gane wannan da rini mai ruwan ɗorawa da muke ɗigawa a kan lens, mu duba ta ina ya kutsa. Haka in tazarar da ke tsakanin lens da koniya ta yi yawa. Galibi ana son ta kusan maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, bayan lens ya gama zama, in ta ninka haka ruwan ya yi kauri, hazon ya fi fitowa, iskar oksijin ma ta ragu. Ki koma wurin wanda ya auna miki da yamma, lens yana ido, hazon yana ciki. In kin je da sassafe ba abin da zai gani.

Wani matashi: Anti, tunda sau da yawa kike canza ruwa, ki sayi ledar ruwan dirif a kemis, ai shi ma salin ne kashi 0.9, kuma ya fi araha. In ya ƙare ko fiya wata ma ya yi.

Ma'aikacin awon ido: A'a ƙanena, fiya wata da ruwan famfo kada su kusanci lens. Akwai ƙwayar cuta a ruwa mai suna akantamiba da ke cin koniya, maganinta da wuya. Ledar dirif kuma da zarar an huda ta an ajiye, tsabtarta ta tafi, ga shi ruwan zai wuni manne da ido. Ƙananan robobin salin da ake buɗewa a yi amfani a yar su ne daidai, marasa sinadarin hana lalacewa.

Wata uwa: 'Yata, idon naki yana ƙaiƙayi? Ɗana ne ke sakawa, kuma duk hunturu nasa ke tsananta. Da aka ba shi maganin ƙaiƙayin, yana kuma gasa fatar idon da tsumma mai ɗumi da dare, sai ya ragu sosai. Ki daina murza ido, shi ke ƙara ɓata keratokonus. Wajen alwala ma ki rintse ido sosai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, ƙaiƙayi kam akwai, ga ƙurar yadi a shago. Bakan gizo dai ban gani ba. Malam, in gefen ne ya ɗaga, gyara shi ake yi ko sabo zan biya?

Ma'aikacin awon ido: Yawanci sabo ake yankawa mai gefen da ya bi siffar farin idonki. Ki tambaya ko kina cikin wa'adin canji kyauta, kamfanoni da dama suna bayarwa a watannin farko.