Shafin kariya a matauna: na fitila ko na kwaɓi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata shekararta 6, mataunan girma sun fara fitowa. Likita ta ce a shafa musu abin toshe ramukan sama kafin kogo ya kama su. Wai iri biyu ne: na roba da ake haska wa shuɗiyar fitila, da gilas ayonoma mai daskarewa da kansa. Yarinyar ba ta iya zama wuri ɗaya. Wanne zan zaɓa?

Baban Khalifa: Ki ba ta asuwaki kawai, mu da shi muka tashi.

Hajiya Ladi: Kar ma a tuna min. Na fitilar aka yi wa jikana, yana ta kuka, yawu na zuba, mutumin bai tsaya ya tsane bakin ba. Ba a jima ba rabin abin ya ɓamɓare, abinci ya riƙa maƙalewa, ƙarshe sai ciko. Da na koma aka ce wai cingam ne. Naira 15,000 haƙori ɗaya! Allah ya isa.

Abu Maryam: Kai Hajiya, 15,000? Ni 4,000 na biya.

Ummu Sadik: Hajiya, yawun ne ya ɓata aikin. Na roba sai an shafa wa haƙori ruwan asid, a wanke, a busar har ya yi fari kamar alli, sannan a zuba a haska kamar daƙiƙa 20. Yawu ya taɓa shi kafin nan, ba zai kama ba. Na kwaɓin, wato gilas ayonoma, gari ne da ruwa, haɗuwarsu ke daskarar da shi cikin 'yan mintuna. Yana jure danshi, yana sakin fulorayid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, sai dai ya fi saurin zaizayewa.

Baban Khalifa: Malama, ke likita ce?

Ummu Sadik: Mataimakiya ce, ni nake riƙe abin zuƙe yawun.

Hajiya Ladi: Da ta ku ce a wurin, da jikana bai sha wuya ba.

Ɗan Sarki: Fitilar nan za ta manna min sabon haƙori? Rake ya tafi da nawa 😂

Abu Maryam: Ni masu alawa a ƙofar makaranta ne damuwata. Ka ba yaro kuɗin tara, ya dawo harshe kore.

Maman Ilham: Wallahi har cikin aji ake sayar musu. To amma ni wanne zan ce a yi mata?

Hajiya Ladi: A makarantar su jikana malamar ce da kanta mai tallan.