Na ajiye aikin banki zan shiga sana'ar furanni, ku ba ni shawara

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ajiye aikin banki, fitar asuba da dawowar bayan isha'i sun ishe ni. Ina Kaduna, ina da naira miliyan 2 a hannu, kuma ba na son cin bashi. Na koyi haɗa furanni a wajen wata mai kwalliyar biki. Tambayata biyu ce. In kama shago a Barnawa ko in fara daga gida? Sannan in riƙa kawo ɗanyen fure daga Jos ko in tsaya a na roba tukuna? Wanda ya taɓa yi nake son ji.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya ki nemi rance ki buɗe a Abuja, can ne masu sayen fure suke.

Ummu Khairat: Allah ya sa albarka. Amma da ni ce atamfa da leshi zan sara, kaya ne da ba sa ruɓewa.

Baban Yara: Ni dai na taɓa kai wa uwargida fure, ta juya shi ta ce zoɓo ne ko na miya? Da na ce na kallo ne sai ta ce to kuɗin cefanen ma ta kalla kenan.

Anti Zee: Ƙanwata ki saurare ni, ni na yi. Ɗanyen fure ba ya jiran kowa. Wardi in ya samu kulawa sosai ya yi mako guda, a zafin Maris da Afrilu kuwa kwana biyu ya sunkuyar da kai. Wani biki na karɓa na 'yar wani babban mutum, kamu da dina, uwar amarya ta ce ba ta son ganin roba ko ɗaya. Ta ba ni rabin kuɗi. Na yi oda daga Jos, aka sa a mota da asuba ranar Juma'a. Motar ta lalace kafin Saminaka, direba ya kashe waya. Sai bayan magariba kwalayen suka iso, a ƙarƙashin buhunan dankali. Da na buɗe na farko zafi ne ya bugi fuskata, fararen wardin duk sun yi ruwan ƙasa a gefe, wasu kana taɓawa ganyen na zubewa. Ni da yarana muka kwana muna yanke gindinsu muna tsomawa a ruwan ƙanƙara, abin da ya farfaɗo bai kai rabi ba. Na cike da na roba daga baya inda ido ba ya kaiwa. An yi biki, an yi hotuna, kowa na yabawa. Ranar Litinin na je karɓar cikon kuɗina, Hajiya ta ce ƙawarta ta taɓa ta ji roba, don haka na ci amana. Har yau ko sisi. Sarƙata na sayar na biya mai gona da ma'aikata.

Ummu Khairat: Innalillahi. Allah ya saka miki Anti.

Ɗan Filato: Anti ki yi haƙuri amma laifin ba na furen ba ne. Ni a Jos nake, sanyin garin nan ne ya sa wardi ke yi, amma ba a sa shi a motar kayan gwari. Ƙaramar mota ake nema, a saya wa kwalin kujera, a tashi da daddare ko da sassafe. In ya iso a yanke gindin a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a riƙa canza ruwa kullum. Kuma kada a ajiye shi kusa da ayaba ko tumatir, iskar da suke fitarwa in suna nuna tana tsufar da fure. Nan ƙwaya ɗaya 500 muke bayarwa a sari.

Anti Zee: 500? A wace shekara? 1,500 aka ce min watan jiya.

Meenat Deco: Ku biyun kuna maganar na gida ne. Na Kenya da ake nomawa a gefen tafkin Naivasha, jirgi ke kawo shi Legas, ni 3,500 nake saye kafin kuɗin aikowa. Kansa ya fi girma, ya fi daɗewa, kuma amaren Instagram shi suke nunawa. Farashinsa dala yake bi, ranar 14 ga Fabrairu kuwa sai ya ninka.

Ɗan Filato: Duk wanda ya sayar miki 1,500 ɗan tsakiya ne, ba mai gona ba.

Anti Zee: Malam kai mai sayarwa ne, dole ka ce da sauƙi. Kuɗinka na shiga kafin mota ta tashi. Mu da muke tsayawa gaban uwar amarya mu za a tambaya.

Abu Sadik: To ke ma ai kin bar sana'ar, ta yaya wanda ya faɗi zai koya wa wani hawa?

Anti Zee: Kai da ko tambayar ba ka karanta ba? Ta ce ba ta son bashi ka ce ta ci rance.

Maman Ilham: Don Allah a yi haƙuri. Maganar shago ko gida fa?

Meenat Deco: Gida, in kina da ɗaki mai sanyi da sola. Ki yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe shafi, kada ki sayi ɗanye sai an biya. Ki sani kuma kasuwar tana da lokaci: Disamba, bayan sallah, da watan Sha'aban da ake rububin aure kafin azumi. Ramadan kuwa zama za ki yi, kuma mai ba ki hayar shago ba ruwansa. Sannan in an ce ki naɗe takardun naira a yi fure da su ki ƙi. Babban Banki ya ce wulaƙanta naira ne, dokar bankin ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun.

Baban Yara: Kash, shi kaɗai ne furen da uwargida za ta karɓa da murmushi.

Hajjo Mai Girki: Ni maganar Anti Zee ce ta tsaya min. Ba masu fure kaɗai ba ne. Na dafa wa mutum 400 abinci a wani biki, wata takwas kenan ina bin ciko. In na kira sai a ce Hajiya ta tafi Umara.

Meenat Deco: Kuma masu kuɗin ne suka fi yi. Talaka zai biya ki tun kafin ranar don kunya.

Ummu Khairat: Ɗinki ma haka. Ankon mutum 30 na yi, amaryar har ta haihu.

Ɗan Filato: Shi ya sa mu ba ma loda kaya sai mun ga alat.

Anti Zee: Ka ji ko? Abin da na faɗa kenan.

Hajjo Mai Girki: Ya kamata mu buɗe guruf na masu aikin biki, duk gidan da ya riƙe wa wata kuɗi a sanar, kowa ta ƙi karɓar aikinsu.

Abu Sadik: Sai sun kai ku kotu kan ɓata suna tukuna.

Hajjo Mai Girki: Su kai mana, a can sai alƙali ya tambaye su kuɗin shinkafata. Anti Zee ki duba saƙonki, ina jin Hajiyar nan ɗaya ce da tawa.