Me za mu kira CLEM da Hausa?

Ɗaliba: Malamai, a taimaka min. Ina fassara wani darasi na ilimin halittu, na ci karo da CLEM, wato a duba samfuri ɗaya da madubin haske (madubi a nan na'urar ganin ƙananan abubuwa ce), sannan a sake duba shi da madubin lantarki. Na rubuta "tagwayen madubi" amma raina bai kwanta ba.

Malamin kimiyya: Sannu da ƙoƙari. Ki fara cire "lantarki". Madubin hasken ma ai da wutar lantarki yake aiki. Ki ce madubin ilektaron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara ƙerawa a Jamus a 1931.

Tagwaye kuma bai zauna ba, don ko kama ba su yi. Madubin haske yana nuna ƙwayar halitta da ranta, tana motsi. Idan an liƙa wa wani furotin alamar GFP, wadda ita ma furotin ce mai ƙyalli, sai ki gan shi yana ƙyalli kore shar cikin duhu. Amma tun 1873 Ernst Abbe ya bayyana iyakarsa: abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kusan nanomita 200 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya) sai su narke su zama ɗigo ɗaya. Na ilektaron kuwa yana fito da kowane tantani dalla-dalla, sai dai babu launi, babu rai, don ba a barin iska a cikinsa. Sai an sandarar da ƙwayar da sinadari ko sanyi, galibi a rina ta da ƙarfe mai nauyi irin osmiyom, a yanka ta siriri ƙwarai. Kuma a cikin hoton nan mai ruwan toka ba za ki gane wane ne furotin ɗinki ba.

Mai fassara: To tunda a ƙarshe ana ɗora hoto kan hoto, me zai hana "duban ɗori"?

Ɗaliba: Yaya, duk wanda ya ji ɗori karaya zai tuna. 😄

Mai fassara: Na janye. "Duban bin sawu" fa? Haske ya nuna sawu, ilektaron ya bi.

Malamin kimiyya: Wannan ya yi daɗin faɗa, sai dai akwai wani aiki dabam na bin motsin ƙwaya mai rai, za a rikita su. Wahalar CLEM duka tana wajen komawa daidai inda aka gani da farko. Shi ya sa ake shuka ƙwayoyin a kan gilashi mai zanen murabba'ai da lambobi, a rubuta murabba'in da ƙyallin ya fito, kafin yanka a nemo shi. In aka kuskure, wata ƙwaya dabam ake kallo. Ni dai "duban gurbi ɗaya" nake cewa a aji.

Ɗaliba: Madalla, Malam. A farkon ambato zan sa "duban gurbi ɗaya da haske da ilektaron", daga nan in riƙa taƙaitawa. Tagwayen madubi na goge shi.