Kwantiragina a Bamako ya kusa ƙarewa: in sabunta ko in kwashe iyalina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa zaman neman abinci a ƙasar da ake fama da ta'addanci.

Shekarata huɗu a Bamako, babban birnin Mali, ina gyaran janareta da batura na turakun sadarwa a wani kamfani. Ina tare da matata da 'ya'yanmu biyu, babbar shekararta bakwai. Gidanmu a tsallaken kogi yake, ba nisa da unguwar Faladié. Ranar 17 ga Satumba 2024 ina alwalar asuba na ji harbi, na ɗauka atisaye ne. Ashe mayaƙan JNIM, ƙungiyar da ke da alaƙa da Al-Ƙa'ida, ne suka afka wa makarantar jandarmomi da filin jirgin sama. A ƙasa muka kwanta har hantsi, matata ta danne ƙaramin a ƙirjinta kada ya yi kuka. Tun daga ranar, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai 'yata ta shige ƙarƙashin tebur.

Na daure, na ce zai wuce. Sai ga datse hanyar mai tun Satumban 2025, ana ƙona tankokin da ke shigowa daga Senegal da Kwaddibuwa. Kwana biyu na yi cikin mota a layin mai. An rufe makarantu mako biyu daga 27 ga Oktoba. Ni kuwa aikina na kan hanya ne, in janareta ya mutu a bayan gari ni ake turawa.

Kwantiragina zai ƙare a Disamba, sun ce in sabunta shekara biyu da ƙarin albashi. Da albashin nan nake riƙe mahaifiyata da karatun ƙannena biyu. Matata ta ce inda nake nan take. Wani abokin aikina kuma ya ce raunin imani ke damuna, wai ajali ba ya wuce lokacinsa. Wallahi barci ya gagare ni. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani ma'aikacin agaji daga Mogadishu:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya biyu ka cure wuri guda, ka raba su: zaman iyali daban, zamanka daban. Iyali dai ka fitar da su yanzu, tun jirage na tashi. Ka lura da Amurka ta ce wa 'yan ƙasarta su bar Mali a ƙarshen Oktoban 2025, jirgi ta ce su hau, ta gargaɗe su da bin mota zuwa iyaka. Ranar da kowa zai so fita, ba a samun kujera ko da kuɗinka a hannu.

Kai kuma abin da ya fi tsorata ni a bayaninka ba harbin Faladié ba ne, fitar da kake yi bayan gari ce. Baƙo mai motar kamfani da kayan aiki, shi masu garkuwa suke nema. A Yulin 2025 har cikin masana'antar siminti a yankin Kayes aka shiga aka tafi da Indiyawa uku. In za ka zauna, kada hanyarka da lokacin fitarka su zama ɗaya kullum, kuma kada ka sa hotonka a wurin aiki a Facebook. Jaka guda a bakin ƙofa, da fasfo da takardun yara da tsabar kuɗi, don ranar tashin hankali katin banki ba ya amfani.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: in bam ya tashi, kada ka ruga kallo ko taimako nan take. A mahaɗar Zoobe da ke Mogadishu ranar 29 ga Oktoba 2022, mota ta biyu ta fashe ne bayan mutane sun taru a kan waɗanda ta farko ta jikkata. Sama da mutum 100 suka rasu. Zuciya ba ta son jin wannan, amma haka suke yi.

Wata 'yar'uwa da ta zauna a Wagadugu:

Yayana, ni maganar yarinyar ce ta tsaya mini a rai. Muna Wagadugu lokacin harin gidan cin abinci na Cappuccino da otal ɗin Splendid a Janairun 2016. Ɗana ya koma fitsarin kwance yana da shekara takwas, muka yi ta faɗa muna cewa sakarci ne, Allah Ya yafe mana. Sai da muka bar garin da watanni ya daina. Yaro ba ya cewa ina jin tsoro, jikinsa ke faɗa.

Matarka kuwa na fahimce ta, ni ma haka na ce wa maigidana. Ba taurin kai ba ne. Tsoronta ta tafi ta zauna riƙe da waya, kullum tana jiran mugun labari. Kada ka yanke hukunci ka sanar da ita kamar umarni. Ku zauna ku sa ranar da za ka biyo su, ku sa lokacin waya kullum, kuma kada ka ɓoye mata in an tura ka bayan gari. Ranar da ta kama ka da ɓoyo ɗaya, ta daina yarda da "lafiya lau" ɗinka ke nan.

Wani ɗan kasuwa daga Nairobi:

Ni dai ban ga dalilin gudu ba. Ina nan aka kai harin rukunin shagunan Westgate a 2013, aka kashe mutum 67, ina nan aka kai na otal ɗin DusitD2 a 2019, ga ni ina cin kasuwata. Ina ne babu fitina yau? Ka ajiye aiki ka koma ka zauna, wa zai riƙe tsohuwa?

Ma'aikacin agajin ya sake cewa:

Alhaji, ba ɗaya ba ne. Na Nairobi hari ne, ya zo ya wuce, mai da wuta da makaranta ba su tsaya ba. Shi garinsu ake shaƙewa a hankali ta hanyoyin shigowa. Sojojin Faransa sun fice daga Mali a 2022, na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarshen 2023. Maganar tsohuwa kam gaskiya ce, shi ya sa ban ce masa ya ajiye aikin gobe ba.

Wata mai aikin kula da ma'aikata:

Malam, kada ƙarin albashi ya rufe maka ido. Karɓo takardar inshorarka ka karanta da kanka. Da yawa suna cire yaƙi da ta'addanci daga abin da suke biya, a ƙananan rubutun da ba mai dubawa. Ka nemi a rubuta maka: wa zai biya kuɗin kwashe ka in abu ya ɓaci, nawa za a bai wa iyalinka in ka rasu ko ka nakasa, kuma kana da ikon ƙin fita bayan gari ba tare da kora ba. Alkawarin baki na manaja yana da wuyar tabbatarwa a kotu. Shekara biyu ta yi yawa, nemi wata shida. In sun ƙi rubutawa, sun gaya maka matsayinka a wurinsu. Sannan ka je ofishin jakadancin ƙasarku ka yi rajista yau, su san da kai.

Wani dattijo:

Ɗana, abokin aikinka bai yi maka adalci ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wa zai ce Umar mai raunin imani ne? Kai kana da zaɓi a kan ranka, amma yaran nan amana ce, ba su zaɓi Bamako ba. Ka yi istihara, ka kira mahaifiyarka ka gaya mata gaskiyar halin da kake ciki. Ina kyautata zaton ɗanta za ta zaɓa a kan kuɗin.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na kira ta jiya, ban taɓa gaya mata labarin Faladié ba sai jiyan. Ta yi shiru, sannan ta ce in turo mata jikokinta. Matata ta yi kuka amma ta yarda, da sharaɗin in biyo su kafin azumi. Na duba inshorar, 'yar'uwa, maganarki ce, ta'addanci ba ya ciki. Ranar Litinin zan shiga wurin manaja da buƙatar wata shida da batun fita bayan gari. Wanda ya taɓa rubuta irin wannan takarda da Faransanci, don Allah ya taimaka mini da yadda ake tsara ta.