Tekken 3 na sani, sai ga ƙanena da Tekken 8

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna yara akwai wani shagon gem a layinmu a Gangare, PlayStation ta farko guda biyu da ɗan janareta a bakin ƙofa. Da an tashi daga Islamiyya can muke taruwa a kan Tekken 3, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya miƙa wa na gaba hannu. Ni Eddy Gordo nake ɗauka, in yi ta danna X da O yana juyi yana shuri har a gama. Satin jiya ƙanena ya taho da Tekken 8 daga Abuja, muka buga sau goma, ko ɗaya ban ci ba. Abin ya tsaya mini a rai, don wasan nan ina ƙaunarsa. An sauya shi ne gaba ɗaya? Ta ina zan faro?

Mai shagon gem, Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Malam, tushen yana nan yadda kamfanin Namco ya kafa shi a 1994. Maɓalli huɗu, kowanne da gaɓarsa: murabba'i hannun hagu, alwatika hannun dama, X ƙafar hagu, O ƙafar dama. Ka ga ke nan da ƙafafun Eddy kaɗai kake faɗa, shi ya sa wanda ya iya tarewa zai gama da kai.

Tarewa za ka fara koya. Ka riƙe baya, ka tare dukan sama da na tsakiya. Idan ya kai shara ta ƙasa, ka durƙusa kana riƙe da baya. Sannan gocewa gefe, wadda a Tekken 3 ɗin da ka sani aka ba kowa ita. Sabon abu a na 8, wanda ya fito a Janairun 2024, shi ne Heat: yana ba mai kai hari ƙarfi na ɗan lokaci, har wanda ya tare ma jininsa na ɗan raguwa. Yaran da ke zuwa shagona da shi suke rikita manya. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin mayaƙan gem ɗin, ka zauna a kansa wata guda.

Ɗan Unguwar Rogo:
Yaya, ni labarin ya riƙe ni. Heihachi ya jefa ɗansa Kazuya daga kan dutse yana yaro, Kazuya ya girma ya rama, a Tekken 2 uban ya sake jefa shi cikin dutse mai aman wuta. Jin Kazama da ya fara fitowa a Tekken 3 ɗan Kazuya ne, kuma rigimarsu ce ta cika na 8. Eddy ɗinka yana nan, amma daban ake sayensa.

Mai shagon gem, Bauchi Road:
Na manta. Ka nemi faɗan Arslan Ash a YouTube, ɗan Lahore ne a Pakistan. A 2019 ya cinye EVO, babbar gasar gem ɗin faɗa, ta Japan da ta Amurka, ya doke Knee na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe na ta Amurka. A irin shagunanmu ya koya. Ka lura da yadda yake ja da baya yana jira.

Ɗan Gangare:
Allah ya saka da alheri. Daren jiya na zauna tarewa kawai nake, na ci ƙanen nawa sau biyu cikin takwas da Paul, ɗaya daga mayaƙan gem ɗin. Maigida, ranar Asabar bayan la'asar shagon yana buɗe?