Tulif ya yi ganye, babu fure

Tambaya: Jama'a, a nan Ingila me ke sa tulif, furen nan mai tushe kamar albasa, ya fito ganye zalla a Afrilu?

Amsa: Malam, galibi ganyen bara aka yanke da wuri. In furen ya bushe, kansa kaɗai za ka tsinke. Bar ganyen kamar sati 6 sai ya yi rawaya, da shi albasar ke tara abinci.

Amsa: Duba zurfi ma. A Nuwamba ake shuka, rami santimita 15, tazara 10, tsinin na kallon sama. Ƙasa mai riƙe ruwa ruɓar da albasa take yi, gauraya ta da tsakuwa.

Amsa: Kuma in a tukunya ka shuka, kar tukunyar ta kwana a ɗaki da hunturu. Sai albasar ta sha sanyi aƙalla sati 12 kafin ta yi fure.